Turancin Makiyaya da Kawu Ya Sa Na Rubuta

Shekarun baya da dama, a shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, ina koyar da Turanci a wata sakandare a nan Katsina. Ban daɗe da dawowa daga jami'a ba, kuma maganar gaskiya a lokacin ina ji da kaina. In na buɗe baki a ofishin malamai, sai na tabbatar na jefa kalmar da za ta sa wani ya je ya buɗe ƙamus. Har tabarau nake sawa alhali idona ras yake. Ku da kuke bibiyata yanzu ina muku nasihar sauƙin kai, ku sani an sha fama kafin a zo nan.

A wannan zaɓen ne kawuna, yayan mahaifiyata, ya ci kujerar majalisar jiha. Dillalin shanu ne, a kara, wato kasuwar shanu, ya tashi, a kara ya yi furfura. Ya yi karatun allo sosai, ya sauke har ya taɓa littattafai, amma boko aji huɗu ya yi aka cire shi. Ɗan Turancin da yake da shi na ciniki ne, wanda ya tsinta a hanyar Ikko lokacin da yake raka shanu a tirela. Shi bai nemi siyasa ba. Makiyaya da mahauta da 'yan kara ne suka taru suka matsa masa, saboda sun daɗe suna damƙa masa dabbobinsu bai taɓa cin amanar kowa ba.

Wata biyar ya yi a majalisa bai ce uffan ba. Ya je, ya zauna, in an ce a ɗaga hannu ya ɗaga, ya dawo gidansa na Ƙofar Sauri. Dalili kuwa, ƙuduri da Turanci ake gabatar da shi, kuma akwai wani matashin ɗan majalisa, lauya, mazaunin GRA, wanda ba ya barin kuskuren kowa ya wuce bai yi masa dariya ba. Har 'yan kara suka laƙaba wa Kawu suna, wai Onarabul Na-goyi-baya. Yana jin sunan, yana yi masa ciwo, amma ta ciki na ciki.

Sai ga magana ta taso. Akwai wani tafki a bayan gari, da burtalin da shanu ke bi su je shan ruwa tun zamanin kakanni. Wata safiya makiyaya suka tashi suka tarar an kakkafa 'yan turakun siminti kewaye da tafkin, wasu ma a tsakiyar burtalin. Wasu masu hannu da shuni ne ke son a cike wurin a yanka filaye. In kuwa tafkin ya tafi, da rani babu inda shanun yankin za su sha ruwa sai an yi tafiyar yini. Ardonsu ya kwaso dattawa suka zo zauren Kawu. An ce bayan an gama gaisawa, tsohon bai yi dogon bayani ba, cewa kawai ya yi, "Alhaji, ba don ka iya zama muka zaɓe ka ba."

Washegari mahaifiyata ta kira ni. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta faɗin sunana.

"Kai, wannan," in ji ta, "Yaya na nemanka. Duk Turancin nan da kake damunmu da shi cikin gida, yau ga ranarsa ta zo."

Na je bayan la'asar na same shi a zaure kan buzu. Muka gaisa, ya tambayi makaranta, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙafar mahaifiyata da ke ciwo, sannan ya zo kan magana. Saura kwana goma a zauna, kuma ya riga ya sa an rubuta sunansa cikin masu gabatar da ƙuduri.

"Kowa ya ci ladan kuturu, dole shi yi mashi aski," in ji shi. "Na ci ƙuri'ar mutane, Malam. Ka rubuta mani abin da zan hwaɗa."

Malam yake ce mini, rabi girmamawa rabi tsokana. Na bugi ƙirji na ce masa ya sa a ransa an gama.

Kwana uku na yi ina rubutu. Na zuba duk abin da na kwaso a jami'a, shafi uku cur, na kai wa masu buga takardu suka buga mini fes. Da na karanta wa kaina a gaban madubi, har tsigar jikina ta tashi. A raina na ce wannan lauyan na GRA zai san akwai maza a cikin gari.

Da na kai wa Kawu, ko kallon takardar bai tsaya yi ba. Ya jawo tawada da alƙalami da farar takarda, ya gyara zama.

"Karanto a hankali, ni in rubuta da ajami. Idona ya hi gudu a kanshi."

Haka kuwa aka yi. Ina faɗin Turanci, yana kama sautin yana zubawa daga dama zuwa hagu, yana sa wasali. Gaisuwar shugaban majalisa ta wuce lafiya. A layi na biyu muka ci karo da kalmar "expropriation". Ya sa na maimaita sau huɗu. Ya rubuta, ya karanta, abin da ya fito daga bakinsa bai yi kama da Turanci ba, bai yi kama da Larabci ba. Ya sake, ta sake kuɓucewa.

"Mi take nuhi?"

Na ce ƙwace wa mutane abinsu.

"To mi ya hana ka ce ƙwace?"

Na gyara tabarau na ce masa ai wannan shi ne Turancin majalisa, da irinsa ake jin nauyin mutum. Muka ci gaba. Kafin mu kai rabin shafin farko mun haɗu da 'yan uwanta sun fi goma, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Sai ya ajiye alƙalamin a hankali ya jingina da bango.

"Ko ba a gwada ba, linzami ya hi ƙarhin bakin kaza," in ji shi. "Ba ni iyawa. In na tsaya na sarƙe a gaban yaron can, ba ni kaɗai za a yi wa dariya ba, har da shanun mutane. Ƙuduri in an yi mashi dariya ya mutu. Gobe in tahi in hwaɗa wa Ardo su nemi wani."

Ni da shi mun san babu wani. Waɗanda suka iya Turancin, wasu an riga an yi musu alƙawarin fili a wurin, sauran ba sa son ɓata wa manya. Ban taɓa ganin Kawu ya sare ba, mutumin da bijimi ke tunkaro shi ya tsaya cak.

Can sai ya ce, kamar mai magana da kansa, "Wai su Turawan, haka suke magana da matansu cikin gida? Mutum na son ruwa sai ya karya haƙori?"

Na yi dariya na ce a'a, ai kusan harshe biyu gare su a cikin ɗaya. Ya ce ta yaya? To, kun san malamin makaranta in aka taɓo masa inda ya haddace. Ba don in taimaka na fara bayanin ba, don in nuna na sani ne.

Na ce masa asalin Turanci harshen manoma ne da makiyaya, ɗan uwan harshen Jamusawa da na mutanen Holan. Ana nan sai wasu mutane daga can arewa mai sanyi, da ake kira Viking, suka riƙa zuwa cikin jiragen ruwa suna kai hari. Da tafiya ta yi tafiya suka zauna, suka yi gonaki, suka shiga kasuwa, suka yi auratayya da masu gari. Harshensu da na masu garin dangi ne, in an kasa kunne ana ɗan fahimtar juna, saboda haka kalmominsu suka shige cikin maganar yau da gobe, irin su kalmomin Turanci na ɗauka, da kira, da so, da fatar jiki, da mutuwa.

"Baƙin kasuwa ke nan," in ji Kawu. "Ka zo da sanda, ka ƙare da surukai. Ci gaba."

Na ce daga baya sai wasu suka zo, Norman. Su ma asalinsu jikokin masu jiragen nan ne, amma sun daɗe zaune a ƙasar Faransa har sun saki harshen kakanninsu sun kama Faransanci. Kawu ya kwashe da dariya, karo na farko a wannan yammacin.

"Hillanin gida. Kamar dangin kakarku da suka shigo birni, yanzu ko gaisuwa ba su iyawa da Hillanci."

Na ce to su waɗannan da yaƙi suka ci ƙasar, suka hau sarauta. Daga nan fada da kotu da ofis duk suka koma Faransanci, aka ɗau ɗaruruwan shekaru a haka, Turanci ya zama harshen talaka. Da ya dawo ya sake hawa gado, sai ya dawo ɗauke da dubban kalmomin fada. Yawancin dogayen nan da suka sa shi gumi ta wannan ƙofar suka shigo, su da na malaman Latin. Jamusanci bai sha irin wannan mamaya ba, shi ya sa ya fi riƙe kayan gado. Don in burge shi na ƙara da misalin da kowane malamin Turanci ke so: saniya tana tsaye a garke sunanta "cow", da tsohon harshen talaka, amma in an yanka ta an kai gaban sarki ta koma "beef", da harshen masu mulki. Haka tunkiya, sunanta daban, sunan namanta daban.

Ina jiran ya ce lallai na yi karatu. Bai ce ba. Sai ya juyo ya dube ni.

"Wato mai kiwo da nashi Turanci, mai ci da nashi."

Na ce kusan haka ne.

"To kai Malam, wa ya aike ka? Ni wakilin masu kiwo ne, ka rubuta mani na masu ci. Na makiyayan ya mutu ne?"

Na ce yana nan da ransa, shi ne ma wanda ake renon yara da shi.

"In na yi shi a majalisa, akwai dokar da na taka?"

Na ce babu.

"To ɗauke wanga. Gobe ka zo da babban littahin naka."

Na fita daga zauren nan raina a ɓace, ba zan ɓoye muku ba. Kwana ukuna, shafi ukuna, dillalin shanu ya watsar da su cikin magana ɗaya. Amma washegari na koma da ƙaton ƙamusina mai nuna asalin kowace kalma, muka zauna.

Aikin ya zama kamar tantance dabbobi a kara. In faɗi kalma, ya tambaya, "Wagga ta wa ce? Ta makiyaya, ta 'yan jirgi, ko ta fada?" In duba littafi in faɗa masa. Ta makiyaya da ta 'yan jirgi su wuce, ta fada a nemo mata madadi. Wasu na fadan dole muka bar su, don babu yadda za a yi a gabatar da ƙuduri ba tare da su ba. Ya ce a bar su, kowane gari da baƙinsa, kada dai su fi masu gida yawa.

A nan na sha mamakin kaina. Akwai jimlolin da na fi alfahari da su, da muka cire musu manyan kalmomin sai muka tarar babu komai a ciki. Kawu ya tambaye ni me nake son cewa a nan, in yi ta kame-kame, daga ƙarshe in ce a tsallake. Kwana huɗu muka yi muna wannan. Shafi uku ya koma rabin shafi, kuma wallahi ya fi wancan wahalar rubutawa. Sauran kwanakin ya yi ta bitarsa a zaure yana kai da komo, har matarsa ta haddace farkon daga cikin gida.

Ranar zaman na nemi izini a makaranta, na je na zauna a wurin baƙi. Ardo da mutanensa su shida suna gefena, an karɓe musu sanduna a ƙofa, sai hannayensu suka rasa inda za su zauna. Aka kira Kawu. Ya miƙe cikin farar babbar riga, ya zaro takardarsa. Ko layi ɗaya bai gama ba lauyan nan ya lura da yadda idonsa ke bin takardar daga dama, ya miƙe ya nemi a ba shi dama. Ya ce yana son shugaba ya tabbatar ko ƙuduri ne mai girma ɗan majalisa ya kawo, ko laya. Aka yi dariya. Ni kam ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kawu bai motsa ba. Ya tsaya kamar yadda yake tsayawa a kara in mai saye na kushe saniya, ya bari aka gama. Sannan ya dubi shugaban ya ce da Hausa, "Ranka ya daɗe, Turanci ne. Rigar gida kawai na sa mashi." Shugaban ya murmusa ya ce ya ci gaba.

Ya fara, a hankali, kalma bayan kalma. Har yau ina riƙe da tsakiyar jawabin: "They want to take the water. The cows will die. This is wrong." Suna son su ɗauke ruwan, shanun za su mutu, wannan ba daidai ba ne. Ya faɗi yadda tafkin yake tun yana yaro, ya faɗi nisan ruwa na gaba, ya ce ɗan maraƙi ba zai kai can da rai ba. Ya ce masu shan nono da masu cin nama duk suna cikin ɗakin nan. Bai sarƙe ko sau ɗaya ba, domin babu kalmar da ya faɗa wadda bai san ma'anarta ba.

Daga inda nake zaune na ga abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Ashe ba Kawu kaɗai ne ke zaune a wannan majalisa cikin duhu ba. Da yawa daga cikinsu sun yi watanni suna gyaɗa kai ga Turancin da ba su ji sosai, yau kuwa sun ji komai. Har Ardo ya taɓa ni ya ce a hankali, "Na ji ya ce 'wata' da Turanci, ruwa ke nan ko?" Na ce ruwa ne, Baba.

Lauyan ya sake miƙewa, ya yi jawabi mai tsawo a kan bunƙasar birni da tsarin zamani. Kuma gaskiya ya iya, irin wanda na rubuta da farko ne, har ya fi shi. Da ya zauna sai wani dattijon ɗan majalisa, tsohon hedimasta, ya tashi ya ce shi tambaya ɗaya gare shi. Alhaji ya ce za a ɗauke ruwa kuma shanu za su mutu, to haka ne ko ba haka ba ne? Lauyan ya fara kewaye-kewaye, dattijon ya maimaita tambayar. Babu wanda ya iya miƙewa ya ce ba haka ba ne.

Aka kafa kwamiti, suka je suka gani. Ba duka aka samu ba, kada in yi muku ƙarya. Gefen yamma ya tafi, an gina gidaje. Amma aka tuge turakun da ke bakin tafkin, aka bar burtalin, ko da yake an rage masa faɗi.

A bakin ƙofa ranar, lauyan ya tare Kawu, da alama abin ya tsaya masa a rai. Ya tambayi wanda ya rubuta masa jawabin. Na matso kusa, ina gyara wuyan riga.

"Ɗan ƙanwata ne, ga shi nan, malamin Turanci," in ji Kawu. "Yana da ƙoƙari. Sai dai sai da na koya mashi."

A lokacin na ji haushi ƙwarai, har na kai ƙara wurin mahaifiyata. Ta saurare ni tsaf, ta ce, "To ƙarya ya yi?" Na tashi na ba ta wuri.

Yanzu da na waiwaya, na san bai yi ƙarya ba. Ni na san tarihin, na ci jarrabawa a kansa, amma ban taɓa tambayar kaina ɓangaren wa nake ba in na buɗe baki. Shi sau ɗaya ya ji labarin ya gane abin da ke ciki, saboda ya yi rayuwarsa tsakanin mai kiwo da mai ci. Ban tsani manyan kalmomi ba, suna da ranarsu, kuma ina koyar da su. Amma tun daga lokacin, duk ɗalibin da ya kawo mini rubutu mai ƙyalli, nakan sa shi ya faɗa mini abin da yake nufi da 'yan gajerun kalmomi. In ya iya, mu ci gaba. In ya kasa, mu duka mun san inda matsalar take.

Kawu ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa da rahama. Zango ɗaya ya yi ya koma kara abinsa, ya ce kujerar majalisa na sa masa ciwon baya. Ina kewarsa ƙwarai, musamman in na rubuta wani abu na rasa wanda zai dube ni ya ce ban faɗi komai ba.

Gari ya ci wajen nan yanzu, har kwalta ta ratsa burtalin. Ranin da ya wuce na bi ta can da yamma zan je gaisuwa, sai ga garke ya fito zai tsallaka zuwa tafki, motoci suka tsaya. Wani matashi a bayana ya dinga danna ham, ya leƙo ta taga yana tambayar wai wane ne ma ya bari shanu ke bi ta tsakiyar gari. Na san amsar, har da hannuna a ciki. Na kashe mota na zauna, sai da ɗan maraƙin ƙarshe ya tsallaka.